Amsoshin da Yaya Hajjo Ta Gyara

Yaya Hajjo matsoraciya ce, kuma ba zagi na yi ba, ita ma ta san haka. Shekara shida muna aikin lafiya tare a ƙasar Gwarzo da Kabo, ban taɓa ganin ta hau acaɓa ba sai ta karanto duk addu'ar da ta haddace. Tana tsoron kare. Tana tsoron allura in ita za a yi wa, alhali yaran da ta tsira wa allura ba su ƙirguwa. In babba ya shigo ofis ya yi gyaran murya, sai ta hau laluben jakarta kamar ta ɗauko kayan wani. Ni kuwa Badi'a, Allah ya yi ni da baki, ba na barin ta kwana. Kowa cewa yake mun dace: ni in yi faɗan, ita ta ba da haƙurin.

A wata ruga ta ƙasar Mainika aka haife ta. Mutanensu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma tun zamanin kakanni, Fulatancin ya tafi ya bar su da Hausa, da 'yan shanu, da kunya. Ita kaɗai ce mace a gidansu da ta yi boko har ta kai makarantar koyon aikin lafiya. Ta auri Malam Haladu, malamin firamare a Kabo, 'ya'yansu huɗu. Babban ya shekara ashirin da biyu, har gemu ya tsiro masa, amma har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan yaron" take cewa. In ya shigo ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Na sha tsokanarta a kan haka, ta ce min a wurinsu uwar da ta nuna son ɗan fari a gaban mutane ba ta da fulako, wato kunyar Fulani, kuma ba ta ga dalilin da takardar makaranta za ta raba ta da wannan ba.

Kusan shekara uku da suka wuce wata ƙungiya da ke aiki da malaman jami'a ta zo mana da wani fom. Tambaya goma ce a ciki, ana yi wa masu jego, don a gano waɗanda damuwa ta kama bayan haihuwa. Kina samun barci? Kina yawan kuka? Kina jin tsoro ba dalili? Kina jin daɗi in kin ɗauki jaririnki? Kowace amsa da makinta. Wadda makinta ya kai goma sha biyu sai a tura ta wurin likita a Gwarzo. Ni aka ba cikin garin Gwarzo da Getso, aka ba Yaya Hajjo ƙauyuka da rugagen Gammo, kowaccenmu mata ɗari uku.

Shugaban aikin, Dakta Mahbub, siriri ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ranar farko ya yi mana bayanin abin da suke nema da gaske. Ya ce ba masu ciwon kawai ake son ganowa ba, fom ɗin kansa ake son gwadawa.

"Ku ɗauka tiya ce," ya ce. "In kin auna gero da ita a Getso, kika kai ta Kabo, ya kamata ta ci abin da ta ci a can. To mu ba mu sani ba ko wannan fom haka yake. Mace biyu, ɗaya a gari, ɗaya a ruga, damuwarsu ɗaya. Kowace tambaya za ta kama su daidai wa daida, ko kuwa wata tambayar ta fi kama ɗaya? In kun kawo amsoshin, kwamfuta za ta gwada mana tambaya bayan tambaya. Shi ya sa nake roƙonku, abin da mace ta faɗa shi za ku rubuta, ko da kun san ba haka ba ne."

Ya kuma ba mu takarda muka sa hannu, cewa duk wadda ta sauya amsa za a cire ta daga aikin, a kuma rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Na tuna sai da Yaya Hajjo ta karanta takardar sau biyu.

Aikina bai ba ni wahala ba. Matan gari, ki tambayi mace ko tana barci, sai ta ɗauko miki labari tun daga ranar da aka kai lefe. Sai kin katse ta.

Wata Laraba da damina, na gama nawa da wuri, na bi Yaya Hajjo Gammo don in ga yadda take yi. Muka shiga wani gida a bayan gari, shanu a ɗaure ta gabas, tukunyar ruwan wanka a kan murhu da ganye a ciki. Mai jegon sunanta Zinnira, haihuwar fari ce, ta dawo gidan iyayenta wanka, kwana ashirin da uku. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mana tabarma, ta zauna a bakin ƙofa. Muka gaisa, aka tambayi gida da yara da ruwa da dabbobi, sannan Yaya Hajjo ta buɗe fom.

"Zinnira, kina samun barci?"

"Lafiya lau."

"Kina kuka?"

"A'a."

"Akwai abin da ke ba ki tsoro?"

"Babu."

Haka har goma. Yarinya kanta a sunkuye, muryarta kamar ta mai jin barci. Na duba a raina na ce maki biyu, lafiyarta ƙalau, kunya ce kawai. Sai Yaya Hajjo ta juya wurin tsohuwar.

"Inna, ɗan fita da shi waje in ga launin idonsa a haske."

Tsohuwar ta ɗauki jaririn ta fita. Yaya Hajjo ba ta bi ta ba, Zinnira ta zuba wa ido. Ni ban ga komai ba. Na ga dai yarinya tana zaune kamar yadda take, ga kwanon kunun kanwa a gefenta ya huce har ya yi fata.

Da muka fito muna jiran mai acaɓa a gindin wata tsamiya, sai na ga ta ciro wani littafin rubutu irin na 'yan firamare, ta kwafe amsoshin Zinnira a ciki, sannan ta sa abin gogewa a kan fom. Inda aka ce a'a ta mayar da shi e. Maki biyu ya koma goma sha biyar.

Na ce, "Yaya Hajjo, me nake gani haka?"

Ta rufe littafin da sauri. Ta ce, "Ki rufa min asiri, Badi'a. Yarinyar nan ba ta da lafiya."

"Ita ta gaya miki?"

"Ba za ta faɗa ba ko za ta mutu. A wurinmu mai jego ba ta cewa tana kuka, balle a gaban uwarta. Mai lafiya ma lafiya lau za ta ce, marar lafiya ma haka. Amma mai lafiya, duk kunyarta, in aka fita da ɗan sai ta saci kallonsa ta gefen ido. Wannan ko ƙiftawa ba ta yi ba."

A nan ta ba ni labarin yayarta Zubaidatu, wanda duk zamanmu ba ta taɓa ba ni ba. Yaya Hajjo tana 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin da Zubaidatu ta haihu ta dawo gida wanka. Ba ta magana, ba ta ci, ba ta duban ɗan. Mata suna shigowa barka suna yabon kunyarta, suna cewa an daɗe ba a ga yarinya mai fulako irinta ba. Kowa ya tambaye ta, lafiya lau. Ba ta kai arba'in ba ta rasu. Yaya Hajjo ta ce ita ce take kai mata kunu tana dawowa da shi, kuma ba ta gaya wa kowa ba, don ta zaci haka ake yi.

Ta ce kuma ba marasa lafiya kaɗai take gyara wa ba. Tambayar nan ta jin daɗin ɗaukar jariri, duk mai haihuwar fari a can a'a take cewa, ko ta yi shiru, ko da kuwa kamar ta haɗiye ɗan don so. In ta bar shi haka sai a ɗora wa lafiyayyu maki. Shi ma tana gyarawa.

Na ce, "Kin san dai takardar da muka sa wa hannu."

"Na sani. Tun da na fara ban ƙara cin abinci ya zauna min ba."

Na yi mata faɗa sosai, na kira abin da sunansa, maguɗi. Amma ban kai ƙara ba. Aka tura Zinnira Gwarzo, likita ya tabbatar tana da ciwon, aka ɗora ta a kan magani da zama da mai ba da shawara. Kusan duk matan da Yaya Hajjo ta tura haka aka same su. Wannan ya kwantar min da hankali, na ce ai ba wanda aka cuta. Ita kuwa sai ramewa take. In wayarta ta yi ƙara ta ga lambar ofis, sai ta miƙo min ta ce in amsa.

Bayan kaka aka tara mu a wani ɗakin taro a Gwarzo don jin sakamako. Dakta Mahbub ya miƙe, ranar na fara ganin haƙoransa. Ya haska wasu layuka a bango, biyu-biyu, ɗaya na matan gari ɗaya na matan ruga, kowanne ya kwanta a kan ɗan'uwansa. Ya ce shi kansa ya zaci za a samu bambanci, amma tambaya goma ɗin nan duk sun auna ɓangarorin biyu daidai. Tun da haka ne, ya ce, ba sai an nemi ƙwararru ba. Za a sa fom ɗin a waya, a horar da 'yan sa-kai na kwana biyu, su shiga ƙauyukan ƙananan hukumomi da dama. Wayar ce za ta haɗa maki ta faɗi wadda za a tura asibiti. Ya kira sunan Yaya Hajjo ya ce aikinta ya fi na kowa tsafta, aka tafa mata.

Na taɓa hannunta a ƙarƙashin tebur, sanyi ƙalau. Ta raɗa min, "Badi'a, ni suka auna, ba fom ɗin ba."

Ranar Juma'a ta sama za a aika da rahoton. Kwana takwas ke nan. A kwanakin nan kullum sai ta zo gidana bayan an tashi aiki, ta zauna a kan tabarma ko hijabi ba ta cirewa. Ta lissafa min abin da zai faru in ta yi magana. Za a kore ta daga aikin ƙungiya, wannan ƙarami ne. Za a rubuta wa sashe, wataƙila aikin gwamnatin ma ya tafi. Za a ce matar Malam Haladu maƙaryaciya ce, a garin da yake koya wa yara gaskiya. Wancan yaron yana neman aure, dangin yarinyar za su ji.

Ni shawarar da na ba ta, ba zan ɓoye ba, cewa na yi ta ja bakinta. Na ce wa ya sani? Littafin nan ki sa shi a murhu. Na kawo mata hujjoji masu kyau, kuma duk tsoro ne ya sa ni, don na san in ta tona, za a tambayi wanda ya sani ya yi shiru.

Ta ce, "Yarinyar da za a ba waya, kwana biyu aka koya mata. Za ta shiga ta tambaya, a ce mata lafiya lau, ta danna, waya ta ce lafiya lau, ta fito. Gida nawa ke nan, Badi'a? Kuma ni na sa aka yarda da abin."

"To ai taimako kika yi."

"Na taimaki mata sittin da uku. Sauran fa?"

Ranar Talata ta je ofishin ƙungiyar, ta kai bakin ƙofa ta juyo. Ranar Laraba ta shiga har ciki, ta ce ruwa ta zo sha. Ranar Alhamis da safe ta biyo min ta ce in raka ta, ba sai na ce komai ba, in tsaya kusa da ita kawai don kada ƙafarta ta sake juyawa.

Muka tarar da Dakta Mahbub shi kaɗai da kwamfutarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ina kwana?"

"Lafiya lau, Hajiya Hajjo. Ku zauna mana."

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya aiki? Ya hanya?"

Ya amsa duka. Ta sake ɗaukowa daga farko, ta tambayi yara, ta tambayi Hajiyarsa, ta tambayi mutanen Kano. Da ta shiga zagaye na uku sai ya cire tabarau ya dube ta. Ta buɗe jaka ta ciro littafin, a naɗe cikin leda, ta ɗora a kan teburin da hannu biyu.

"Dakta, amsoshin gaskiya ne a nan. Na fom ɗin ni na gyara."

Bai gane ba da farko. Ya buɗe, ya ga lambar kowace mace da kwanan wata da abin da ta faɗa da bakinta, a rubuce tsaf da ƙaramin rubutunta. Ya yi ta juya shafi. Ba abin da ake ji sai ƙarar fanka.

"Guda nawa?"

"Sittin da uku, ranka ya daɗe."

"Aikin shekara biyu," ya ce a hankali. "Gobe zan aika. Na riga na gaya wa kowa." Da ya yi ihu da ya fi min sauƙi. Ya tambaye ta dalili, ta yi masa bayani tana kallon ƙasa, har da satar kallon jariri da kunun da ya huce. Sannan ya juyo kaina.

"Malama Badi'a, ke kin san da wannan?"

Kafin in buɗe baki Yaya Hajjo ta ce, "Ba ta sani ba. Rako ni kawai ta yi."

Ni mai bakin nan, da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na yi shiru na bar ƙaryar ta tsaya. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Bai aika da rahoton ba. Ya shigar da amsoshin littafin, bayan kwana huɗu ya kira mu ya juyo mana da kwamfutar. Layukan da suka kwanta a kan juna sun rabu. Tambaya huɗu cikin goma ba sa auna matan ruga yadda suke auna matan gari: ta kuka, ta tsoro, ta barci, da ta ɗaukar jariri. Ya ce da an sa abin a waya yadda yake, cikin kowace mace uku masu ciwon a can, biyu za su wuce ba a gan su ba. Ya ce wannan shi ne abin da tun farko ya zo nema, kuma ba don littafin ba da bai same shi ba. Sai kuma ya ce doka ba a hannunsa take ba, dole ya sanar da kwamiti, zai dai rubuta cewa ita ta kawo kanta.

Ya rubuta ɗin, amma bai hana komai ba. Aka cire ta daga aikin. Sashe ya dakatar da ita wata uku, da ta dawo aka mayar da ita ɗakin kati a wani ƙaramin asibiti a Kabo, ba fita ƙauye. Maganar ta zaga gari yadda ta ji tsoro, har da ƙari. Malam Haladu bai ce mata komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri," amma ya daina zama majalisar bakin kasuwa na ɗan lokaci. Batun waya aka jingine shi, aka ce za a sake tambayoyin nan huɗu a sake gwadawa. Kafin nan za a ci gaba da zagaye da tsohon fom, a rubuta abin da aka ji kawai. Gammo kuma ni aka ba.

Na je na same ta a ɗakin katin, tana zaune a bayan wata 'yar taga tana miƙa wa mutane kati. Na zaci zan tarar da ita a karye. Ta ɗan yi ƙiba ma. Na fara kame-kamen neman gafara a kan shirun da na yi, ta katse ni.

"Bar wannan. Wa zai je gidan Malam Datti a Gammo ranar Laraba? 'Yarsa Halima Sa'adiya ta haihu, ta dawo wanka."

"Ni ce."

Ta dube ni, na ga tsoron nan nata ya dawo fuskarta, kuma na san ba don kanta ba ne.

"To in ta ce miki lafiya lau, kada ki tashi da wuri."

Ranar Laraba na je. Na yi tambaya goma, ta ce min lafiya lau. Na zauna a ɗakin nan har aka kira la'asar, ina kallonta tana kallon tabarma, ban iya gane ko kunya ce ko ciwo ne ke damunta ba. Na rubuta abin da ta faɗa, maki biyu, na yi musu sallama na fito.